Shekarar da Babanku Ya Bar Silima

Na ji abin da kuke faɗa wa 'ya'yanku in sun tambayi sana'ar kakansu. Kuna cewa mai gyaran rediyo ne. Ba ƙarya kuka yi ba, ya yi gyaran rediyo, amma a ƙarshen rayuwarsa ne, kuma ba da son ransa ba. Sana'ar babanku silima ce. Shi ke haska fim a silimar unguwarmu, shi ke yawon tallanta, har sunanta ya manne masa, duk Minna ba wanda zai gane shi sai an ce Sule Silima. Ni ban taɓa kama sunansa yana raye ba, yau ma don ku gane ne na rubuta. Ina so ku ji yadda ya rabu da aikin nan daga bakina, domin waɗanda suka raba shi da shi sun daɗe suna ba da labarin yadda zai yi masu daɗi, ni kuwa na gaji da yin shiru.

In kun biyo ta Tunga kuka gangara tsohuwar unguwarmu, akwai wani dogon sito na siminti inda masu keke napep ke layi a gabansa. To nan ce silimar. A zamaninmu katanga ce doguwa ba rufi, da wani ƙaton farin bango a ƙarshenta inda hoto ke fitowa. Bencina a gaba na leburori da yaran tashar jirgin ƙasa, kujerun ƙarfe a baya na akawuna da masu ɗan hali. A can sama ta wajen ƙofa akwai wani ɗan ɗaki mai zafi kamar murhu, ana ce masa ɗakin inji, nan babanku ke zama. Mai silimar wani Balarabe ne ɗan Labanan, sai jefi-jefi ake ganinsa. Wanda ke tsaron ƙofa kuwa Bulus ne, mutumin kudancin Kaduna, maƙwabcinmu kuma aminin babanku, matarsa ce ta karɓi haihuwar yawancinku. Da yamma ta yi, bakin ƙofar nan kasuwa yake zama: matan Gwarawa da soyayyar doyar Gwada, mai tsire, mai rake, fitilun aci-balbal jere. Kun san ruwan Minna ba ya sallama. Sai a tsuge ana cikin kallo, amma ba mai tashi, kowa ya ɗora buhu ko ganyen ayaba a ka ya ci gaba da zare ido.

Ni ban taɓa shiga ba, matar aure ba ta shiga silima a lokacin. Amma katangar gidanmu da tata ɗaya ce, saboda haka da kunne na kalli duk fim ɗin da aka yi a wurin. In na ji kiɗa da kukan mata na san na Indiya ne, in na ji ihu da ƙarar duka na Canis ne, in harbi ne da sukuwar dawaki na kaboyi. Kakarku Inna, mahaifiyar babanku, kullum cikin tsaki take tana cewa an hana ta jan carbi, amma in kun dubi ƙafarta a ƙarƙashin zane za ku ga babban yatsa na bin kiɗan. Ita ce ma ke saƙa masa faifan da yake aiki da shi. Duk fim ɗin da aka kawo, sai ya shiga da rana ya kalle shi shi kaɗai, ya gane wuraren da bai kamata idon yara ya gani ba. In an zo wurin ana cikin kallo, sai ya sa faifan Inna ya tare bakin injin, bango ya yi duhu, sai murya kawai. Ina tsakar gida zan ji silima ta ɗauka gaba ɗaya:

"Sule, ɗage faifai! Ɗage faifai, mugu!"

Ba ya ɗagewa sai wurin ya wuce. Na ciki na zaginsa don ya rufe, na waje na zaginsa don ya haska, shi kuwa ya dawo gida ya ci tuwonsa yana dariya.

Abin da ya fi fito da shi shi ne murya. Allah ya ba babanku murya, ku da kuka san shi yana tsoho ba za ku yarda ba. Duk ranar da sabon fim ya zo, sai a ɗaura lasifika a kan tsohuwar a-kori-kurar Balaraben, ya hau baya, su zaga gari tun daga Bosso har Tunga. Da ya buɗe baki da "Jama'ar Minna, yau ma yau ce!" sai yara su bar abin da suke yi su bi motar da gudu. Ba yaron da bai iya kwaikwayonsa ba a garin nan.

Amma akwai wani wurin da yake kai muryar, wanda shi ne a zuciyarsa. Ladanin masallacin unguwarmu, Malam Jibo, tsoho ne mai ciwon ƙirji. In sanyi ya yi ko damina ta zauna, ba ya iya fitowa asuba. Babanku ne ke tashi ya hau matakalar masallacin ya kira salla a madadinsa, da bakinsa kawai, don lokacin ba lasifika a masallacin. Ya yi shekaru yana haka, ba wanda ya taɓa cewa uffan, don su suna cikin bargo. Ladanci ba albashi gare shi ba, ba kuma sarauta ba ce, amma ban taɓa ganin babanku ya so wani abu a duniya kamar shi ba. Ya taɓa ce mani in yana kan matakalar nan, gari ya yi tsit, yana jin ƙofofi na buɗewa ɗaya bayan ɗaya saboda muryarsa, sai ya ji kamar an wanke shi.

Shekarar da nake ba ku labari, Allah ya yi wa Malam Jibo rasuwa. A shekarar ne kuma aka saya wa masallaci lasifika, kuma a shekarar ne zagin silima ya zama abin yayi, duk wanda ya samu taro sai ya taɓa ta. Shugaban kwamitin masallaci a lokacin Alhaji Mamman ne, mai fataucin hatsi. Bulus ya sha nuna masa kujera a layin baya lokacin yana saurayi, har yana da wadda ba ya son kowa ya zauna masa. Alhaji Mamman ɗin ne ya tare babanku bayan la'asar. Da babanku ya shigo gida na ga fuskarsa na san da magana. Ya zauna a tabarma kusa da Inna, ya ce:

"Alhaji Mamman ya ce ladancin nawa ne, ba wanda ya fi ni cancanta. Amma wai bakin da ke kiran mutane silima ba zai kira su salla ba. In na bar silima, an gama."

Inna ta ajiye saƙar da ke hannunta.

"To me kake jira? Ka bar masu tsiyarsu. Ni dai Allah ya nuna mani ranar da za a ce ga uwar ladan, ko washegari in mutu."

Na ce, "Malam, su ba ka tukuna, sannan ka bari. Su tsaya gaban jama'a su faɗa. Mutum ba ya sakin abincin 'ya'yansa a kan maganar bakin hanya."

Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Haba Asabe. Ɗakin Allah za a yi wa ciniki? Dattijo ya faɗi magana in ce sai ya kawo shaidu?"

"Ni ba ɗakin Allah nake tuhuma ba. Alhaji Mamman nake tuhuma."

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, bakinki ya cika tsini."

Kai Abba kana nan a bakin ƙofa, ka isa tunawa. Ka ce gara ya bari, don a makaranta ɗan Silima ake ce maka. Ban taɓa riƙe ka da wannan ba, yaro ne kai, amma na ga yadda maganar ta shige shi fiye da tawa da ta Inna. Washegari Bulus ya same ni ina shanya a ƙofar gida, ya rage murya da Hausarsa ta mutanen kudu:

"Maman Abba, ki fada ma shi kar ya bari aikin nan. Ni na san mutanen nan, ni na ba su tikiti. Alhaji yana da kanin matan shi da ya zauna ba aiki. Allah, ba za su ba shi ba."

Na faɗa wa babanku. Ya ce Bulus ba ya son rabuwa da shi ne kawai. A ƙarshen makon nan ya haska fim ɗinsa na ƙarshe, ya share injin ya shafa masa mai kamar wanda zai aurar da 'ya, ya kai wa Balaraben makulli. Bayan sallar azahar ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya bar silima, ba shi ba ita. Aka yi ta kabbara ana shafa masa kai. Kafin mako ya zagayo Balaraben ya kawo wani saurayi daga Kaduna, wanda bai san faifai ba. Abin da babanku ya daɗe yana tarewa, yaran unguwa suka gan shi tas a kan bango. Masu zagin silima sun kori mutum ɗaya da ke kare masu 'ya'ya, suka koma gida suna murna.

Aka sa ranar da zai fara kira da sabuwar lasifika, sallar la'asar. Inna ta sa aka wanke masa farar rigarsa, ta turara ta da kanta. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka zauna, har da matar Bulus, wadda ta ce ita ma sai ta ji. Aka ɗan ƙwanƙwasa bakin lasifikar, sai ga muryarsa. Wallahi 'ya'yana, tun da nake ban taɓa jin kiran salla irin wannan ba. Ya ja kabbarar farko ta cika unguwa, tsigar jikina ta tashi, Inna ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Abin da ba wanda ya yi tunani a cikinmu shi ne, da asuba da bakinsa kawai yake kira, yara na barci. Muryarsa cikin lasifika kuwa, wuri ɗaya yaran Minna suka san ta. Yana kai ƙarshen kabbara ta biyu, sai wani yaro a bakin titi ya ƙwala:

"Yau ma yau ce!"

Sauran suka ɗauka. Suka biyo lungu da gudu suna ihu suna dariya kamar yadda suke bin a-kori-kura, har ƙofar masallaci. Na ji muryarsa ta ɗan girgiza, amma bai tsaya ba, ya kai kiran har ƙarshe. Aka ce mani a cikin sahu ma akwai manya masu gemu da suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ba wanda ya fita ya tsawata wa yaran nan. Bayan an sallame, Alhaji Mamman ya ja shi gefe.

"Malam Sule, ka dai ji da kunnenka. Ba mu muka ƙi ka ba. Kiran salla ba abin wasa ba ne. A ɗan bari mutane su manta. Kafin nan ga yaron nan na wajena, ya riƙe na wucin gadi."

Yaron wajensa shi ne ƙanen matar tasa da Bulus ya faɗa. Yara yara ne. Da dattijo ɗaya ya fito ya daka masu tsawa, da an bar shi ya kira na kwana biyu, da sun saba sun manta. Amma ba mantuwar yara ake jira ba, hujja ake nema, Allah kuma ya kawo masu ita har ƙofa. Suka karɓe ta hannu biyu.

Ya shigo gida ya cire farar rigar ya ninke. Inna ta kasa haɗa ido da shi. Ni kuwa bakina na ƙaiƙayi in ce na faɗa maka, amma da na ga yadda ya zauna ya zuba wa ƙasa ido, sai na tashi na ɗora ruwan tuwo. Ba a jima ba Bulus ya zo da saƙo, wai saurayin Kaduna na ƙona fina-finai, 'yan kallo na jifa da bawon rake, Balaraben ya ce babanku ya dawo ko yau. Na ji sanyi a raina, na ce Allah ya kawo mafita.

Babanku ya ce, "Ka gaishe shi. Na tsaya a masallaci na ce na bari."

Bulus ya ce, "Malam Sule, su ma sun yi alkawari, sun cika?"

"Nasu daban, nawa daban."

Na ce, "Malam, 'ya'yan nan alkawari za su ci?"

Ya tashi ya ɗauki buta. Na yi fushi da shi a ranar fushin da ban taɓa yi ba, kuma ba zan ɓoye maku ba, har yanzu da saura. Mutum ne da in ya faɗi magana ko za ta kashe shi sai ya tsaya a kanta, ya zauna cikin mutanen da maganarsu ba ta kwana.

Daga nan aka shiga abin da kuka sani. Ya kafa ɗan tebur a gindin mangwaro a bakin titi yana gyaran rediyo. Na fara suyar ƙosai da safe, ni da ban taɓa talla ba. Muka bar gidan jikin silima muka koma ɗaki biyu a ƙarshen unguwa. Kai Abba ka bar makaranta ka shiga gareji, kuma sunan da kake gudu bai bar ka ba, don ba wanda ya daina cewa Sule Silima ko da rana ɗaya. Inna ba ta ƙara saƙa faifai ba. Da ciwon ajali ya kama ta, ta kira shi ta riƙe hannunsa ta ce ya yafe mata, ita ta tura shi. Ya ce ba ta yi masa komai ba. Ta rasu ba a kira ta uwar ladan ba.

Silimar ma ba ta yi nisa ba, kuma ba wa'azin kowa ne ya kashe ta ba. Bidiyo ya shigo gidaje, masu zaginta suka sayi nasu suka kai ɗaka suka rufe ƙofa. Bencina suka fara zama wayam, Balaraben ya tattara ya tafi, Bulus ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Wata majami'a ta yi haya na ɗan lokaci, daga baya aka yi mata rufi aka zuba siminti. Ranar da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka sauko da injin suna farfasa shi da guduma, babanku na tsaye a tsallaken titi da rediyon wani a hannu. Ya kalla har suka gama lodi, ya koma teburinsa.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne lasifikar masallacin. Duk sanda ta lalace, shi ake aiko wa, don ba wanda ya san kanta kamarsa. Sai ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi ba musu. In ya gama gyara, ba ya magana a ciki ya gwada. Sai ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya miƙa wa ladanin ya ce, kai gwada. Na wucin gadin nan ya yi furfura a kan aikin, da muryarsa kamar ana jan kwano a siminti, rabin asuba kuma sai rana ta kusa fitowa yake farkawa. Babanku na kwance idonsa biyu yana jin lokaci na wucewa, ba ya tashi ya kira, don an ce ya jira a manta. Ya koma sahun baya, ya rage magana, har a gida sai ka matso kake jin abin da yake cewa.

Bayan shekaru masu yawa, Alhaji Mamman ya rasu, ladanin nasa kuma ya samu harkar kai yashi wurin aikin dam na Zungeru, ya tafi ko sallama babu. Aka nemi matashin da zai riƙe, kowa ya ce yana da abin yi. Masallaci ya yi ta wayar gari shiru. Sai ga liman da babban ɗan Alhaji Mamman sun yi sallama a ƙofarmu da hantsi. A lokacin wani ciwon maƙogwaro ya riga ya cinye muryar babanku, ya fi shekara sai raɗa, ita ma da ƙyar. Kullum yana bayansu a sahu, amma ba wanda ya lura ya daina amsa gaisuwa da baki. Na shimfiɗa masu tabarma, na zauna kusa da shi don ni ce bakinsa. Ɗan Alhajin ya gyara zaman hularsa ya ce:

"Baba, mun zo da abin alheri. Kwamiti ya zauna, an ga ba wanda ya dace da ladancin nan sai kai. Maganar silima kuma ai ta wuce, yanzu ba wanda ya tuna."

Babanku ya yafito ni, na kai kunnena bakinsa. Ina jira in ji ko yau zai faɗi abin da ya ci shi shekara da shekaru. Ya ce:

"Ki ce masu na gode."

Na faɗa masu haka, na kuma gaya masu ba shi da murya. Suka yi salati, suka ce ashe Baba ba lafiya, ba su sani ba. Suka yi addu'a a gurguje suka tashi, tun kafin su kai bakin zaure na ji suna shawarar wa za a tuntuɓa kuma.

Washegari da asuba na farka ban gan shi a shimfiɗa ba. Na leƙa tsakar gida. Yana tsaye cikin farar riga ya fuskanci gabas, yatsunsa a kunnuwa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Ya kira sallar nan tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake komai ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba, ban ji ko kalma ɗaya ba.